Shirya, tsara, tanada: yadda Hausa ke faɗin abin da mutum ya yi wa kansa

Saƙon gayyata ne irin wanda ake turawa ta WhatsApp kafin taron bita ko ɗaurin aure a wani gari. A ƙarshensa an rubuta: “Batun masauki, mahalarta za su shirya da kansu.” Wani ya karanta ya fahimci cewa kowa zai nemi wurin kwana ya biya daga aljihunsa. Wani ya ɗauka masu taron sun riga sun kama ɗakuna, rabon ne kawai aka bar wa baƙi su daidaita a tsakaninsu. Na uku kuwa ya iso bayan isha'i da jakarsa a kafaɗa yana tambayar wa ke riƙe da makulli.

Babu wanda ya yi wa jimlar mugun karatu a cikinsu. Ita ce ta faɗi wanda zai yi aikin, ta yi shiru game da wanda za a yi wa, da kuma wanda zai biya. Da an rubuta “kowa zai nema wa kansa masauki”, ko “an tanadi masauki”, da gardama ba ta tashi ba.

Irin wannan ruɗani ya yawaita tun da sanarwa da ciniki da alƙawari suka koma rubutu a waya. Hausa ba ta da aikatau, wato kalmar aiki, guda da ke nufin mutum ya shirya wa kansa abu. Da abubuwa uku take haɗa wannan ma'ana: kalmar da aka zaɓa, sigar da aka sa ta, da yadda aka jingina mata kalmar “kai”. Biyu daga cikin ukun sun dogara ne da abin da kunne ke ji, wanda rubutun boko ba ya nunawa duka.

Kalmomin da inda kowace ta dosa

“Shirya” ta fi sauran faɗin ma'ana. Tushenta shi ne a sa abubuwa su zauna daidai saboda wani abu da ke tafe: matafiyi ya shirya kaya, ɗalibi ya shirya wa jarrabawa, dangi su shirya biki. Daga nan ta yi rassa. Mutum biyu da suka ɓata, in aka ce “sun shirya”, sulhu ake nufi. “Ba ma shiri da shi” kuwa cewa ce jininmu bai haɗu ba. Gidan rediyo yana da “shiri”, jam'insa “shirye-shirye”, kuma kalmar nan ce dai ake kiran hidimar da ake yi kafin suna ko sallah. Wanda ya tashi “ba shiri” abin ya zo masa ne bagatatan. Karin maganar da ke cewa shirin zaune ya fi na tsaye ta kama ainihin kalmar: shiri abu ne na lokaci, ana yin sa kafin a makara.

“Tsara” ruwanta da jeri da fasali, me zai zo gaba, me zai biyo baya. Mawaƙi ya tsara baiti, magini ya tsara gida, ƙasa ta tsara dokokinta, shi ya sa ake cewa kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999. Mutum na iya samun tsari mai kyau a takarda alhali bai shirya ba. A bakin samari kalmar ta sami wata ma'ana: “ya tsara ta” yana nufin ya jera mata daɗin baki, wanda ya ce “kada ka tsara ni” kuma yana zargin ana shirya masa zance.

“Tanada” ita ce ta fi kusa da batunmu. Ma'anarta a samo abu a ajiye tun buƙatarsa ba ta zo ba. Manomi ya tanadi iri kafin ruwa ya sauka, magidanci ya tanadi ragon layya tun farashi bai tashi ba. A harshen shari'a da gwamnati ta ɗauki ma'anar shimfiɗa hukunci: “kamar yadda doka ta tanada”. Tana da maƙwabta biyu da ake yawan haɗa su da ita. “Adana” kiyaye abin da yake hannu ne kada ya ɓata ko ya lalace. “Tattali” kuwa lallaɓa shi ne a yi amfani da shi sannu a hankali.

“Kintsa”, wadda wasu ke rubutawa “kimtsa”, ta fi kusa da jiki da ɗaki: tattara abin da ya warwatse, naɗe shi, sa shi wurinsa. Mai gida da baƙo ya yi wa sallama da sassafe zai ce “bari in kintsa”. Mutumin da aka kira kintsattse ba tufafinsa kaɗai ake yabo ba, har da natsuwarsa.

“Gyara” tana ɗauke da zaton cewa akwai abin da ya karkace. Amma ana gyara zama, ana gyara murya, kwandasta na cewa “gyara” a ba shi hanya, kuma ɗan ƙarin da mai awo ke zuba wa mai saye bayan ya cika mudu shi ma gyara ne.

Duk cikinsu babu wadda, ita kaɗai, ta faɗi don wa aka yi aikin. Nan ne siga ke shigowa.

Abin da ƙarshen aikatau ke ɗauke da shi

Bahaushe na sauya wasalin ƙarshe da karin sautin aikatau ba tare da ya yi tunani ba: saya, sayi, saye, sayo, sayar, sayu. F. W. Parsons, malami a makarantar nazarin harsunan Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan, shi ne ya jera waɗannan sigogi zuwa aji bakwai a wata maƙala ta 1960. Su ne ake koyarwa a sassan Hausa da sunan giredin aikatau. Daga baya masanin harshe Paul Newman ya yi wa tsarin kwaskwarima, kuma aka ware wa gajerun aikatau irin su “ci”, “sha” da “ja” nasu gida da ake kira giredi sifiri.

In aka ɗauki “shirya”, giredi na ɗaya shi ne na “ya shirya kaya”, murya ta hau a gaɓar farko ta sauka a ta biyu. Akwai wata “shirya” ta giredi na biyu, wadda murya ke farawa ƙasa ta hau, mai ma'anar ɗora mutum kan hanya. Ita ce a addu'ar iyaye: “Allah ya shirya”, “Allah ya shirye ka”, “Allah ya shiryi zuriya”. Haruffa ɗaya, aiki daban. Giredi na uku, irin su “fita” da “shiga”, ba shi da ruwa sosai da wannan batu.

Giredi na huɗu, mai ƙarewa da -e, yana nuna an yi aikin kakaf. “Ya tattara kayansa” labari ne kawai; “ya tattare kayansa” bai bar ko allura ba. “Ya sayi masara” ciniki ne. “Ya saye masarar” ya bar sauran masu saye hannu rabbana. Wannan ce sigar da zargin son kai ke fitowa a cikinta ba tare da an ambaci kalmar “kai” ba: kwashe, cinye, wawure, handame, mallake. Mai karanta labaran siyasa ya san su sarai.

Giredi na biyar, mai -ar da “da”, yana tura abu daga hannun mai aiki zuwa waje: sayar da, aurar da, koyar da, shiryar da. Kishiyar yi wa kai ke nan.

Giredi na shida, mai -o, yana jawo aikin zuwa inda mai magana yake. “Ya shiryo daga Legas” yana nufin can ya yi shirin, nan ya nufo. “Ta aro tukunya”, “ya nemo aiki”, “sayo mana ƙosai”. Sau da yawa akwai amfani a ciki, amma ba lallai na mai aikin ba ne. Yaron da aka aika ya sayo ƙosai ba lallai ya ci ko ɗaya ba. Alkibla sigar ke nunawa, ba mallaka ba.

Giredi na bakwai, mai -u, yana faɗin cewa aikin ya kama sosai, ko yana yiwuwa, ba tare da ambaton wanda ya yi ba. “Yaron ya shiryu”, “ɗakin ya gyaru”, “bikin ya tsaru”, “motar nan ba ta gyaruwa”. Wanda ke son a san sakamako amma kada a tambayi wa ya yi, wannan siga ce mafakarsa.

Bayan waɗannan akwai ninki, wanda ke nuna yawan abubuwa ko yawan yi: shisshirya, tsattsara, gyaggyara. Akwai kuma sigar hali, “a shirye”, “a kintse”, da siffa: shiryayye, gyararre, tsararre.

Giredi na biyu: shin sigar jawo wa kai ce?

A nan ne masana suka fi jayayya, kuma a nan ne batun ya fi daɗin bincike. Giredi na biyu shi ne mai sauya wasali bisa abin da ya biyo shi: -a in babu karɓau (abin da aikin ya faɗa wa) a bayansa, -e kafin wakilin suna, -i kafin suna. “Abin da na nema”, “na neme shi”, “na nemi Audu”. “Tanada” ma nan take: “doka ta tanada”, “ya tanadi kuɗi”.

Masu ra'ayi na farko suna cewa wannan giredi yana da ma'ana tasa, wato aikin yana komawa ga mai yin sa, ko yana ɗebo masa wani ɓangare na abu. Hujjarsu tagwayen aikatau ne da ke da tushe ɗaya. “Na ari keke” ni na karɓa. “Na ara masa keke” ni na bayar. “Na ranci kuɗi” da “na ranta masa kuɗi”. “Ya koyi ɗinki” da “ya koya mini ɗinki”. “Ya auri Binta” da “ya aurar da Binta”. “Ya sayi gona” da “ya sayar da gona”. “Ya gaji gida” da “ya gadar wa 'ya'yansa gida”. A kowane tagwai, sigar -i ce ta mai karɓa. Haka nan “ya yanka nama” aiki ne a kan naman duka, “ya yanki nama” kuwa ya ɗauki wani yanki ya tafi da shi. Ga kuma jerin aikatau da tun asali suke nan: ɗauki, karɓi, zaɓi, ɗebi, tsinci, roƙi, nemi, saci. Dukkansu hannu ne ke dawowa da abu.

Masu ra'ayi na biyu suna cewa wannan ma'ana ba ta game giredin ba. “Ya taimaki marayu” giredi na biyu ne, kuma amfanin na wasu ne. “Ya mari yaro”, “ya doki jaki”, “ya harbi tsuntsu”, “ya ziyarci dangi”, babu abin da mai aikin ya ɗebo wa kansa. A ganinsu giredi na biyu tsohon gida ne na asali, wanda aikatau masu ma'anoni iri-iri suka zauna a cikinsa tun fil azal, ma'anar jawo wa kai kuma tana bayyana ne kawai inda aka sami tagwai da za a gwada. Newman, a wani nazari na 1973, ya ɗauki sigar -i a matsayin ta asali a wannan giredi, saɓanin Parsons da ya fara lissafi daga sigar -a.

In aka auna hujjojin biyu, na farko sun kama wani abu na gaskiya game da kalmomin ciniki da aro da rabo, na biyu kuma sun yi daidai da suka hana a mai da shi doka. Ga mai rubutu, abin da ya fito fili shi ne sigar -i ita kaɗai ba ta isa shaida cewa mutum don kansa ya yi ba. “Ya tanadi abinci” bai faɗi wa zai ci ba. Sai an ƙara “wa kansa” ko “wa baƙi”.

Kai, da ƙananan kalmomin da ke gabansa

Hausa da sunan gaɓar jiki take nuna komawar aiki ga mai shi: kaina, kanka, kanki, kansa, kanta, kanmu, kanku, kansu. Abin da ke bambanta ma'ana shi ne ƙaramar kalmar da ta zo kafin “kai”, ko rashinta.

A ɗauki tela ana saura kwana uku sallah, shagonsa cike da yadin mutane. In aka ce “ya ɗinka da kansa”, bai ba yaran shago ba, shi ya hau keken. Rigar kuwa ta kowa ce. In aka ce “ya ɗinka wa kansa”, shi zai sa ta ranar idi, kuma mai yadin da ke zaune a benci yana jiran nasa yana da dalilin ɓata rai. “Ya ɗinka don kansa” ya koma kan dalili, ba wanda ya sa shi, ko kuma don amfanin kansa ya yi. “Shi kansa ya ɗinka” ƙarfafawa ce, har shi ma. Saƙon masaukin nan “da” ya sa a inda ake buƙatar “wa”.

Da yake “kai” bai daina zama gaɓar jiki ba, wani lokaci jimla na ɗaukar fuska biyu ko uku. “Ta wanke kanta” na iya zama gashinta ta wanke, ko ta kuɓutar da kanta daga zargi. “Ta gyara kanta” na iya zama kitso, ko kwalliya, ko sauyin hali. Mahallin zance ne alƙali.

A kan wannan kalma Hausa ta gina maganganu masu yawa, kuma kowace da nata launi. “Dogaro da kai” yabo ne. “Son kai” zargi ne. “Ya yi gaban kansa” yana nufin ya aikata ba da izinin na gaba ba. “Bisa raɗin kansa” ba wanda ya tilasta shi. “A ƙashin kansa” ko “a karan kansa” shi ɗaya, ba da sunan ƙungiya ba. “Cin gashin kai” na hukuma ko yanki ne da ba a juya shi daga sama. “'Yancin kai” na ƙasa ne, kamar wanda Nijar ta samu ranar 3 ga Agusta 1960, Nijeriya kuma ranar 1 ga Oktoba na shekarar. “Sa kai” shiga aiki ne ba don lada ba. “Mai zaman kansa” ana faɗa wa kamfani, da makaranta, da hukumar zaɓe. Amma in aka ce “mata masu zaman kansu” an koma sakaya wata sana'a daban, kuma mai fassarar da bai lura ba zai iya zagin 'yan kasuwa mata yana zaton yabonsu yake.

Mafi ban mamaki ita ce “ka yi wa kanka” ba tare da an faɗi me aka yi ba. Ga nahawu, jimla ce ta amfanar kai. Ga ma'ana kuwa, kai ka yi asara. Dalili shi ne “wa” ba ta san alheri ko sharri ba, tana nuna wanda abin ya faɗa wa ne kawai: “ya gina wa kansa gida”, “ya jawo wa kansa magana”.

“Wa”, “ma” da “-wa”: matsalar tazara

A Hausar Kano, wadda daidaitacciyar Hausa ta fi jingina da ita, “wa” ce ke zuwa kafin suna, “ma-” kuma kafin wakilin suna: “ya shirya wa Audu”, “ya shirya masa”. A Sakkwato da Katsina da yankuna da dama na Nijar, “ma” ake ji a wuraren biyu: “ya shirya ma Audu”, “ya shirya ma kansa”. Wannan bambancin karin harshe ne, ba kuskure ba.

Kuskuren da ya cika shafukan sada zumunta shi ne manna “wa” a jikin aikatau. A “yana shiryawa”, “shiryawa” kalma ɗaya ce, sunan aiki, kuma zance ya ƙare a nan. “Ya shirya wa kansa” kalmomi ne dabam-dabam. Wanda ya rubuta “ya shiryawa kansa” ya haɗe abubuwa biyu da ƙa'idar rubutu ta raba. Gwaji mai sauƙi: in za a iya maye gurbin “wa” da sunan da ke bayanta da “masa” ko “mata”, to a raba.

Aikatau na giredi na biyu suna da wata ɗabi'a a gaban “wa”. Ba a cewa “ya nemi wa kansa”. Ko dai su ari sigar giredi na ɗaya, “ya nema wa kansa”, “ya zaɓa wa kansa”, ko su ɗauki -ar, “ya nemar wa kansa”, “ya zaɓar wa kansa”, “ya tanadar wa kansa”, “ya samar wa kansa”. Duka biyun ana jin su a bakin Hausawa. Sai dai -ar ɗin nan ta yi kama da ta giredi na biyar.

Abin da boko ya ɓoye

Tun ƙa'idojin rubutu da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya fitar a 1912, har zuwa Hukumar Hausa ta 1955 da taron Bamako na 1966 kan rubutun harsunan Afirka, rubutun yau da kullum bai ɗauki nuna karin sauti ba, kuma a Nijeriya bai ɗauki nuna tsawon wasali ba. An bar wa mai karatu ya cike da saninsa. Masana ne kawai, a ƙamus da littattafan nahawu, suke ninka wasali ko ɗora masa alama. Ajami yana iya nuna tsawo da alif da wawu da ya, amma shi ma ba ya nuna hawa da saukar murya.

Tushen “tsar-” ya isa misali. “Tsara” ta jerawa dogon wasali gare ta a gaɓar farko. “Tsare” ta gadi ko kamu gajere gare ta. A rubuce sai su yi karo a wurare da yawa. “Kayan suna a tsare”, an jera su ne ko hukuma ta riƙe su? “Tsari” fasali ne ko kariya, kamar a “neman tsari”? “Tsararre” shiri ne mai kyau ko mutumin da ke hannun 'yan sanda? “Ya tsaro jawabinsa” ba shi da alaƙa da “tsaro” na sojoji. A baki ba mai ruɗewa. A allo kuwa sai an duba abin da ke kewaye.

Masu son a fara nuna tsawon wasali suna kafa hujja da irin waɗannan, da kuma masu koyon harshen da na'urorin fassara, waɗanda ba su da kunnen ɗan gida. Hausa ta shiga manhajar fassara ta Google a 2013, kuma haruffa kawai na'ura ke gani. Masu adawa suna cewa jaridu tun daga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 suna tafiya lafiya ba alama, kuma mutanen da har yanzu ba su saba da ƙ da ɗ da ɓ a wayoyinsu ba, ƙara musu alamomi ƙara musu kaya ne. A aikace ra'ayi na biyu ne ke ci, shi ya sa nauyin ya koma kan mai rubutu ya zaɓi jimlar da ba ta da fuska biyu.

“Shirya kanka”: Hausa ce ko inuwar wani harshe?

A tallace-tallace da saƙonnin da aka fassara ana yawan ganin “shirya kanka”, “tsara kanka”, “ku shirya kanku”. Wasu malaman Hausa na ganin wannan ɗora wa harshe kayan da ba nasa ba ne, domin “shirya” da “kintsa” suna tsayawa su kaɗai. Uwa ba ta cewa yaro “shirya kanka ka tafi makaranta”. “Shirya ka tafi” take cewa. Wasu kuma na cewa nahawu bai hana ba, kuma akwai wurin da “kai” ke ƙara ma'ana: “'yan kasuwa sun shirya” na iya zama sun yi sulhu, ko sun gama shiri, amma “sun haɗa kansu” ko “sun tsara kansu” yana nuna sun zama ƙungiya ba tare da wani ya jagorance su daga waje ba.

Bambancin a nan na buƙata ne. Inda aikatau ya riga ya koma kan mai shi, “kai” nauyi ne kawai. Inda ake son a kore hannun wani, yana da aiki.

Inda abin ke taɓa aljihu da lafiya

Ɗalibin da ke zana Hausa a jarrabawar WAEC ko NECO yana iya rasa maki a kan rabon kalma ko gane giredi, amma wannan ƙaramar asara ce in aka gwada da ta wasu.

Dokar fansho ta Nijeriya ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ta sauya wanda ke tanadi. A da gwamnati ce ke tanadar wa ma'aikaci. A sabon tsari, tun daga 2014, ana cire aƙalla kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara aƙalla kashi 10, a zuba a asusu mai sunansa. Mai bayani a rediyo da ya ce “an tanadar wa ma'aikata fansho” bai yi ƙarya ba, amma ya ɓoye cewa ma'aikacin ma yana tanadar wa kansa, kuma yana da haƙƙin bin diddigin asusun. Wakilin suna “an” ya shanye mai aikin.

A fannin lafiya, zaɓen aikatau ya taɓa yanke hukuncin ko za a saurari saƙo ko a'a. “Ƙayyade iyali” ya shiga kunnen mutane da yawa a matsayin sa wa haihuwa iyaka, kuma daga waje. “Tsarin iyali” ya sassauta, domin mai gida ne ke tsara gidansa. “Tazarar haihuwa” ta fi karɓuwa, saboda ba ta ambaci adadi ba, ta tsaya ga hutun uwa tsakanin ciki da ciki.

A ciniki da bashi kuwa, kalma ɗaya ce ke raba mai bi da wanda ake bi. Hausa ta ma raba nau'in karɓar: aro shi ne wanda ake mayar da abin da kansa, kamar keke ko tabarma, rance shi ne wanda ake mayar da kwatankwacinsa, kamar kuɗi ko hatsi. A takardar da aka rubuta gaban mai unguwa, “kuɗin da na ranta” na nufin marubucin ne ya karɓa, “kuɗin da na ranta masa” na nufin shi ya bayar, “kuɗin da na ranto masa” kuma ya shigo da mutum na uku wanda ba a ambaci sunansa ba.

Wadda ta fi wuya ita ce “na sayar wa Alhaji fili”. Tana iya nufin Alhaji ne ya saya. Tana kuma iya nufin filin na Alhaji ne, mai maganar dillali ne da ya sayar a madadinsa yana jiran la'ada. Nahawu ya yarda da duka biyun, kuma ko a baki murya ba ta raba su. Shi ya sa tsofaffin dillalai da masu rubuta takardar ciniki ba sa tsayawa a kan wannan jimla. Sukan rubuta sunan mai fili, su rubuta “ya sayar da filinsa ga” wane, su rubuta cewa wane “ya saya da kuɗinsa”, sannan su kawo sunan dillali a layi na dabam, kusa da na shaidu.